Abokin ɗakina mabiyin Buda yana gyangyaɗi a zaman natsuwa: mene ne "shingaye biyar"?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina karatun injiniya a Kuala Lumpur ta ƙasar Maleshiya. Ɗaki ɗaya muke da wani yaro ɗan Sri Lanka, mabiyin addinin Buda, mutumin kirki ƙwarai. Idan na tashi sallar asuba shi ma yakan tashi ya naɗe ƙafa ya rufe ido, wai yana bin numfashinsa. Amma ko minti goma ba ya yi sai in ga kansa yana rangaji, wata rana kuma ya miƙe a fusace ya ce tunani ya hana shi sakat. Kwanan nan ya ce mini zai daina, wai shingaye biyar sun fi ƙarfinsa. Mene ne waɗannan shingaye, kuma malamansu suna da maganinsu? Ba addininsa nake so in shiga ba, so nake in fahimce shi, don yana ba ni tausayi."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ma'anar shingayen nan a wurin mabiya Buda, da kuma ko wanda suka addaba yana da mafita a cikin koyarwarsu ko kuwa sai dai ya haƙura. Na daɗe ina koyar da nazarin addinai, kuma lokacin da nake bincike na yi wasu watanni a wata cibiyar zaman natsuwa a kan duwatsun da ke kewaye da garin Kandy, can ƙasar abokin naka. Na zauna tare da su a kan tabarma don in ji abin da suke ji, kada ilimina ya tsaya a takarda. Ni ba mai zuhudunsu ba ne, kuma mazhabar Terawada, wadda ake bi a Sri Lanka da Tailan da Myanmar, ita na fi sani. A kanta zan fi tsayawa, tunda ita ce ta abokinka.

Zaman da kake ganin yana yi suna kiransa bawana a harshen Pali, harshen tsofaffin littattafansu. Wasu kan fassara shi da zuzzurfan tunani, amma fassarar tana ɓatar da mutum, domin mai zaman ba tunani yake neman zurfafawa ba. Kalmar ta fi kusa da raino ko noma: a yi ta gyaran zuciya kamar yadda ake gyaran gona. Shingayen kuwa sunansu niwarana, wato abin da ke tare hanya ko ya rufe gani. Su ne kamacanda, kwaɗayin abin da ido da kunne da harshe da jiki suke so. Biyapada, ƙullata da fushi. Tina-midda, kasala da gyangyaɗi. Uddacca-kukkucca, rashin sukuni da cizon yatsa kan abin da ya wuce. Sai wicikicca, shakka. Harafin c a nan kamar na Hausa ake furta shi, saboda haka idan ka karanta masa su yadda na rubuta zai gane ka.

Mafi kyawun bayaninsu da na sani yana cikin wata hira tsakanin Buda da wani malamin Birahmanawa, wato ajin malaman addinin gargajiya na Indiya, mai suna Sangarawa. Tambayar da ya yi, duk mai hadda zai gane ta: me ya sa wata rana karatun da ka daɗe kana maimaitawa yake ƙin zuwa, wata rana kuma har wanda ba ka maimaita ba ya zo da kansa? Buda ya ce masa ya ɗauki zuciya kamar ƙwaryar ruwa da mutum yake son ganin fuskarsa a ciki. Kwaɗayi ruwa ne da aka zuba wa rini. Fushi ruwa ne da ke tafasa a kan wuta. Kasala ruwa ne da gansakuka ta rufe. Rashin sukuni ruwa ne da iska ke kaɗawa. Shakka kuma ruwa ne mai laka da aka ajiye a duhu. A duka biyar ɗin ba za ka ga fuskarka ba, amma dalilin rashin ganin ya bambanta. Wanda ruwansa ke tafasa sauke ƙwaryar zai yi daga wuta. Wanda gansakuka ta rufe wa nasa kuwa, sauke ƙwarya ba ta da amfani a gare shi, hannu zai sa ya kawar. Wannan ne kan maganar duka, kuma a nan nake ganin abokinka ya yi kuskure. Ya haɗa cuta biyu masu kishiyantar juna, barci da rashin sukuni, ya kira su da suna ɗaya, yana kuma nema musu magani ɗaya, wato ƙara matsa wa kansa.

Akwai wani abu da ya kamata ya tuna, ko da yake na tabbata ya taɓa ji a makarantar addininsu yana yaro. Bisa koyarwar Terawada, zaman natsuwa mai zurfi yana danne shingayen ne na ɗan lokaci. Tumɓuke su daga saiwa sai an taka matakan tsarkaka guda huɗu da suka yi imani da su. Shakka tana mutuwa a mataki na farko. Kwaɗayin jiki da ƙullata sai a na uku. Kasala da rashin sukuni kuwa ba sa ƙarewa ƙurmus sai a mataki na ƙarshe, na wanda suke kira arahan. To ka ga ɗalibin injiniya da yake fushi don yana gyangyaɗi da asuba, a ma'aunin addininsa fushi yake yi don bai zama cikakken waliyyinsu ba. Abin da aka nema daga mai farawa kaɗan ne: idan shinge ya zo ya san ya zo, idan babu ya san babu, ya lura da abin da ya kawo shi da abin da ya kore shi. A wurinsu wanda ya ankara ya ce a ransa "ga barci nan ya zo" bai fita daga zaman ba, yana tsakiyarsa.

Barci

Zan daɗe a nan domin shi ne ka fi gani. Littattafansu ba su ɓoye cewa manya ma sun sha fama da shi ba. Moggallana, ɗaya daga cikin manyan almajiran Buda guda biyu, yana zaune a wani ƙauye na ƙasar Magada yana ta gyangyaɗi, sai malaminsa ya tambaye shi ko gyangyaɗi yake yi. Ya amsa da eh. Bai tsawata masa ba, sai ya jera masa dabaru, kowace idan ta gaza a koma ta gaba. Ya bar abin da yake sa hankalinsa a kai lokacin da barcin ya zo. Ya juya karatun da ya koya a zuciyarsa yana nazarinsa. Ya karanta shi da ƙarfi. Ya ja kunnuwansa biyu ya murza gaɓoɓinsa da hannu. Ya miƙe tsaye ya wanke idanunsa da ruwa, ya dubi kusurwoyin duniya, ya ɗaga kai ya kalli taurari. Ya cika zuciyarsa da tunanin haske kamar rana ce tsaka. Ya yi ta kai da komo yana sane da takunsa. Idan duk wannan bai yi ba, to ya kwanta a gefensa na dama, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, da niyyar tashi, kuma da zarar ya farka ya miƙe ba tare da neman daɗin juyi a shimfiɗa ba.

Ka lura da yadda jerin ya ƙare. Ya ƙare da izinin kwanciya. Wato sun san akwai barcin da kasalar zuciya ce, akwai kuma wanda haƙƙin jiki ne, kuma na biyun babu dabarar da ke biyansa sai barcin kansa.

Ni ma na koyi wannan ne da kunya. Makonnina na farko a cibiyar nan, zaman da ake yi kafin gari ya waye da wanda ake yi bayan abincin rana sun zame mini azaba. Sau biyu na farka goshina ya kusa taɓa ƙasa. Na je wurin wani dattijon mai zuhudu da ke duba baƙi, na shirya tambayoyi masu nauyi kan yanayin hankali, ina jiran amsa irin ta manyan malamai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa nake kwanciya, kuma faranti nawa na shinkafa nake ci da rana. Gaskiyar magana, da yake ba a cin abinci bayan rana ta take, nakan cika ciki har wuya don tsoron yunwar dare, da dare kuma in kunna fitila ina rubuta bayanan bincike har sha biyu. Ya ce in rage loma kaɗan kafin in ƙoshi, in kashe fitila da wuri, in riƙa zama ido a ɗan buɗe yana kallon ƙasa, kuma in fara da tafiyar natsuwa kafin in zauna. Cikin mako guda gyangyaɗin ya ragu sosai. Daga baya na ga tsofaffin sharhohinsu sun ambaci waɗannan abubuwa: sanin cewa cika ciki na kawo kasala, sauya yanayin zama, tunanin haske, da zama a fili inda iska ke kaɗawa. Har akwai labarin Sarki Pasenadi na Kosala da ya zo wurin Buda yana nishi saboda ƙoshi, aka ba shi baiti kan sanin gwargwado a ci, ya ɗauki wani saurayi yana biyansa kullum don ya riƙa karanta masa baitin duk lokacin da aka kawo akushi, har ya rage ci jikinsa ya yi sauƙi.

Saboda haka tambayar farko da zan yi wa abokinka ita ce awa nawa yake barci. Na san rayuwar ɗaliban injiniya. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu yana fama da lissafi, ya tashi biyar da rabi ya rufe ido a ɗaki mai duhu a kan katifa mai laushi, ba shinge ne ya kama shi ba, bashin barci ne ya zo karɓar kuɗinsa. A wasu gidajen zaman Zen, wata mazhabar Buda ta Japan, akwai mai zagayawa da wata sanda mai faɗi yana ɗan bugun kafaɗar mai gyangyaɗi, galibi ma mai zaman ne ke roƙa. Ba na ba ka shawarar ka ɗauki wannan aiki a ɗakinku.

Zuciyar da ta ƙi zama

Ranakun da yake miƙewa a fusace kuwa wata cuta ce dabam, kuma maganin barci guba ne a gare ta. Buda ya yi misali da wuta. Idan wutarka ƙarama ce kana so ta kama, ba ka zuba mata ɗanyar ciyawa da jiƙaƙƙen itace. Idan kuma gobara ce kana so ta mutu, ba ka ƙara mata busasshen kara kana hura ta. Zuciya mai kasala tana son bincike da himma da abin da zai faranta mata. Zuciya mai zafi tana son sassauci da kwanciya da ƙyale abu ya wuce. Abu ɗaya ne ya ce yana da amfani a kowane hali, shi ne fargar sanin halin da kake ciki, wadda suke kira sati.

Mafi yawan masu farawa da na gani, musamman ɗalibai masu ƙoƙari a aji, suna jawo wa kansu rashin sukuni ne da yawan ƙoƙari. Sun saba idan darasi ya yi wuya a ƙara awanni, sai su ɗauka numfashi ma haka ake cafke shi. Akwai labarin Sona, ɗan masu kuɗi da ya shiga zuhudu kusa da Rajagaha, ya yi ta tafiyar natsuwa har tafin ƙafarsa ya fashe yana jini, bai ga sakamako ba, ya fara tunanin komawa gida ya ci dukiyarsa yana sadaka. Da ma gwanin kiɗan wani abu ne mai tsirkiya, ɗan'uwan molo. Buda ya tambaye shi: idan tsirkiya ta ɗaure tamau, tana ba da sauti mai daɗi? Ya ce a'a. Idan ta yi sako-sako fa? Ya ce a'a. Ya ce to haka himma take, idan ta yi yawa ta koma rashin sukuni, idan ta yi kaɗan ta koma kasala. Ka ga abokinka kamar yana lilo ne tsakanin biyun, yau tamau gobe sako-sako.

A aikace malamansu kan ce mai wannan hali ya rage tsawon zaman, ya ƙirga numfashi daga ɗaya zuwa goma ya sake komawa ɗaya, ko ya sauke hankalinsa ƙasa, inda jikinsa ke taɓa tabarma. Mahasi Sayadaw na Myanmar, wanda ya rasu a 1982, ya shahara da koyar da bin tashi da saukar ciki, tare da ambatar duk abin da ya faɗo a zuci da kalma ɗaya, kamar "tunani, tunani", sannan a koma. Amfanin wannan shi ne tunanin ya daina zama abokin gaba, ya zama abin lura kawai. Akwai kuma wani hadisinsu, in ari kalmarmu, da ya jera hanyoyi biyar na magance mugun tunani: a maye gurbinsa da mai kyau yadda kafinta ke fitar da katon turke da siriri, a duba illarsa, a kawar da kai daga gare shi, a sassauta shi sannu a hankali kamar mai gudu da ya koma tafiya, ya tsaya, ya zauna, ya kwanta, sannan a ƙarshe a cije haƙora a danne shi da ƙarfi. Ƙarfin tuwo shi ne na biyar. Masu farawa da shi suke farawa.

Rabin wannan shinge na huɗu cizon yatsa ne, kuma shi ba a kan tabarma ake maganinsa ba. Wanda ya yi ƙarya ko ya ci haƙƙin wani da rana, da ya rufe ido abin zai taso masa. Shi ya sa suke sa kiyaye dokoki biyar na ɗabi'a gaba da zaman natsuwa: kada a kashe rai, kada a ɗauki abin da ba a bayar ba, kada a yi lalata, kada a yi ƙarya, kada a sha abin maye. Mai bashi ya biya, wanda ya ɓata wa wani ya nemi afuwa, sannan ya zo ya zauna.

Fushi da kwaɗayi ba ka ambace su a kansa ba, sai dai fushin da yake yi da kansa, wanda shi ma biyapada ne ko da bai sani ba. Maganinsa a wurinsu metta, wato rainon fatan alheri, kuma an tsara a fara da kai, sannan wanda kake girmamawa, sannan wanda babu ruwanka da shi, maƙiyi ya zo a ƙarshe. Buddagosa, malamin da ya yi rubutu a Anuradapura ta Sri Lanka a ƙarni na 5, ya kwatanta mai fushi da wanda ya ɗebo garwashi da hannu don ya jefi wani. Kwaɗayi kuwa ana magance shi da tsare ido da kunne da sanin gwargwado a ci, wani lokaci da tunanin ƙazantar jiki. Wannan na ƙarshen yana da haɗari, kuma littattafansu da kansu sun faɗa: a Wesali wasu masu zuhudu sun zurfafa a cikinsa babu mai duba su, har suka ƙyamaci jikinsu suka halaka kansu, bayan haka ne Buda ya koya wa sauran bin numfashi. Ina kawo wannan ne don ka ga su ma ba su ɗauki kowane magani a matsayin na kowa ba.

Wanda na fi ji masa tsoro

Maganar da ya yi cewa zai daina, ita ce shinge na biyar yana magana da bakinsa. Shakka ta fi sauran wayo, domin barci da fushi kana ganinsu ka san baƙi ne, ita kuwa takan zo da muryarka, ta ce ai kai ba ka iya ba, ko hanyar ma ba ta da amfani. Sun kwatanta mai ita da ɗan kasuwar da ya ɗauko dukiya ya shiga hamada babu guzuri babu tsaro, yana taku ɗaya yana waiwaye. Ba su hana tambaya ba. Mutanen ƙabilar Kalama da suka gaya wa Buda cewa malamai sun rikita su, ce musu ya yi shakkarsu tana kan hanya. Wadda ake kira shinge ita ce mai hana mutum yin komai, ba ya tambaya ba ya kuma tafiya.

Tsofaffin sharhohin sun ba kowane shinge magunguna nasa, amma biyu suna maimaituwa a ƙarƙashin duka biyar ɗin: abokin kirki da zance mai amfani. Ananda, hadimin Buda, ya taɓa cewa abota tagari rabin rayuwar tsarki ce, malaminsa ya gyara masa ya ce ita ce dukkanta. A ganina babbar matsalar abokinka kaɗaici ne. A gida yana da gidan ibada kusa, da ranar cikar wata da suke kira poya, wadda hutu ce a ƙasarsu duk wata, mutane su sa fararen kaya su yini tare. A Kuala Lumpur yana zaune shi kaɗai a gefen katifa, babu wanda zai tambaye shi faranti nawa ya ci. Alhali a unguwar Brickfields ta garin da kuke akwai babban gidan ibadar Buda da 'yan Sri Lanka suka kafa tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau akwai masu zuhudu 'yan ƙasarsu a ciki. Idan bai taɓa zuwa ba, ka tuna masa. Abin da zai ji daga bakinsu da harshensa ya fi duk abin da ni ko kai za mu gaya masa.

Na san zuciyarka za ta kai ka ga kwatanta wannan da neman khushu'i da yaƙi da waswasi a salla, kuma lallai akwai kamanni, tunda zuciyar ɗan Adam ɗaya ce a gudu da gyangyaɗi. Amma kada ka matsa kwatancen. Mai salla yana tsaye ne gaban Ubangijinsa yana ganawa da Shi. Mai bawana a Terawada ba ya ganawa da kowa, yana lura ne da yadda abubuwa ke tasowa suna gushewa. Idan ka ce masa ai duk ɗaya ne, ba ka yi wa addininka adalci ba, ba ka yi wa nasa ba.

Iyakata a nan ita ce ban ga yaron ba, ta bakinka kawai na san shi, kuma ni malamin aji ne ba likita ba. Idan barcin yana kama shi a aji da kan abinci duk da yana samun isasshen barcin dare, ko yana minshari mai yankewa, ko ka ga ya daina cin abinci, ya daina shiga mutane, yana maganar rayuwa ba ta da amfani, to wannan ya wuce shingaye biyar, asibitin makaranta za ka raka shi. Wasu masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun wallafa nazari a 2017 da ya tattara irin wahalhalun da wasu masu zaman natsuwa ke shiga, har da firgici da jin kamar mutum ya rabu da jikinsa. Wanda ya fara jin irin wannan ya dakata da zaman, ya nemi malami da likita duka.

Idan kuwa ba haka ba ne, ka gaya masa ya gwada mako biyu kamar haka: ya kwanta da wuri, ya sauka daga katifa ya zauna a ƙasa, ya yi minti biyar yana kai da komo a baranda kafin ya zauna, ya tsaya a minti goma ko da ya ji zai iya ƙari, kuma idan ya tashi ya rubuta kalma ɗaya a takarda, wane ne cikin biyar ɗin ya ziyarce shi yau. Kai kuma idan ka idar da salla ka bar masa fitilar a kunne.